Jijiyar ƙafar Inna ta fashe a wurin wanka: ɗaurewa ake yi ko ɗagawa?

Ummu Haidar:
Assalamu alaikum jama'ar zauren nan. Don Allah masu sani ku raba mana gardama, tun jiya ba a daina musu a gidanmu ba.

Innarmu ta daɗe da jijiyoyin nan da ke fitowa ɓaro-ɓaro a ƙafa, sun murɗe kamar igiya tun daga bayan gwiwa har idon sawu. Haihuwa tara ta yi, ga shekara da shekaru tana tsaye a kan tukunyar abincin sayarwa, shi ya sa muka ɗauka kayan girma ne kawai. Akwai wani ɗan ƙullutu baƙi-baƙi a saman idon sawunta na hagu, bai fi ƙwayar wake ba, fatar wurin ta yi laushi har tana sheƙi. Da sanyin nan ya shigo sai ƙafar ta dame ta da ƙaiƙayi. Jiya da hantsi ta shiga wanka da ruwan zafi, ta sa soso ta dirje wurin. Sai salatinta muka ji.

Wallahi ban taɓa ganin jini irin wannan ba. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, amma feshi yake har jikin bango. Ita kuma tana tsaye ta dafa gini, tana cewa ko zafi ba ta ji. Muka ɗaura mata zani muka fito da ita tsakar gida. Yayanmu ya ruga ya kwance robar da yake ɗaure kaya a babur, ya ɗaure mata ƙasan gwiwa. Ni dai a idona ƙaruwa jinin ya yi. Gwaggo ta ɗebo garin bagaruwa za ta barbaɗa. Ana cikin haka maƙwabciyarmu da ke aikin asibiti ta shigo, ta kwance robar, ta sa aka shimfiɗe Inna a tabarma, ta jawo turmi ta kife, ta aza matashi, ta ɗora ƙafar a kai. Ta ninke ɗankwalina ta danne wurin da tafin hannu, ta hana kowa leƙawa. Da ta ɗaga hannu bayan kamar minti goma sha biyar, jini ya tsaya. Ta naɗa bandeji ta ce a kai ta asibiti a ranar.

Ba a kai ta ba. Inna ta ce tunda ya tsaya shi ke nan. Yaya ya dage robarsa ce ta yi aikin, maƙwabciya ta tarar da tuwo ya riga ya dahu. Gwaggo kuma ta ce mataccen jini ne ya nemi hanya, a kira wanzami ya ƙarasa fitar da shi. Wa ke da gaskiya?

Abban Yusra:
Subhanallah. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai tun tasowarmu abin da muka sani shi ne in jini ya ɓalle a ɗaure sama da wurin. Ina ganin yayanki bai yi laifi ba.

Ɗan Agaji:
Haka muka koya mu ma. In jini na feshi, babbar jijiya ce, ɗaurewa ake yi. Kuma ta ce har bango yake kaiwa.

Sista Larai:
Wa'alaikumus salam. Ummu Haidar, kafin komai, ku kai Inna asibiti yau, kada ku jira mu gama muhawara a nan. Dalili na nan tafe.

Yayanki niyyarsa alheri ce, amma robar nan ita ta ƙara jinin, idonki bai yi miki ƙarya ba. Duk wanda aka taɓa ɗibar jininsa don gwaji ya ga abin da ake yi: a ɗaure dantse da roba, sai jijiyar hannu ta kumbura ta fito fili. Me ya kumbura ta? Hanyoyin jini iri biyu ne. Masu kawo jini daga zuciya suna can ciki, da ƙarfinsu suke tafiya, ɗaurin roba irin na gida ba ya tare su. Masu mayar da jini zuciya kuwa suna kusa da fata, bangonsu ba kauri, ɗauri kaɗan ya toshe su. To ka ɗaure ƙasan gwiwa, jini na ta shigowa ƙafa, hanyar komawa ka rufe, ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, wato wurin da ya fashe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Jijiyoyin da suka kumbura a ƙafar Inna masu mayarwa ne. A cikinsu akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa sama kawai, su hana jini komowa ƙasa. In ƙofofin suka saki, jinin ya taru ya danno ƙasa, jijiya ta buɗe ta murɗe, fatar da ke kanta ta yi ta sirancewa har ta koma kamar ledar ƙulla gyaɗa. Susa ɗaya ta isa.

Abin da maƙwabciyarku ta yi shi ne daidai: a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinsa tsawo, a danne daidai bakin wurin da ƙyalle mai tsabta. Allah ya saka mata.

Ɗan Agaji:
Sista, to feshin fa? Mu an ce mana jinin jijiya mai mayarwa kwarara yake a hankali, baƙi-baƙi, mai feshi kuwa na zuciya ne.

Sista Larai:
Galibi haka ne, amma wannan ya fita daban. Feshin tsayuwa ce ta jawo shi. In mutum na tsaye cak, nauyin jinin da ke tsakanin zuciyarsa da idon sawunsa duk a kan wurin yake. Da ma'aunin da ake auna hawan jini, matsin da ke jijiyar idon sawu ya kai wajen 80 zuwa 90 a tsaye. Yana kwanciya zai sauko wajen 10 zuwa 15. Ka ɗaga ƙafar sama da ƙirji, kusan babu. Ka lura kuma, na zuciya bugawa yake, tsit-tsit, yana bin bugun zuciya. Wannan kuwa miƙewa yake siriri ba ya yankewa.

Oga Birkila:
Af! Ashe tiyon lebur ne. Mu da muke awon gini da tiyo mai ruwa mun san wannan. Ka sauke bakin tiyo ƙasa da inda ruwa yake, ya yi ta tsiyaya. Ka ɗaga shi sama, ko ɗigo. Ko tankin sama ma haka ne, famfon ƙasa ya fi na bene ƙarfi. Yau na ga ranar sana'ata a zauren lafiya.

Sista Larai:
Oga, ka fi ni iya bayani. Shi ke nan wallahi.

Malam Na Kimiyya:
Abin sha'awa, gwajin ɗaure dantsen nan da Sista ta kawo shi ne wanda wani likitan Ingila, William Harvey, ya nuna a 1628 lokacin da yake tabbatar wa mutane cewa jini zagayawa yake yi a jiki. Ya ɗaure hannu, jijiyoyi suka kumbura, wuraren ƙofofin suka fito kamar ƙulli-ƙulli, ya sa yatsa ya tura jinin baya ya ƙi komawa. Ina sa ɗalibaina su gwada a aji duk shekara. Kusan shekara ɗari huɗu ke nan, mu kuma har yau robar babur muke rarumowa.

Abban Yusra:
Malam, ban da gori. Wanda uwarsa ke zubar da jini a gabansa ba ya tuna Bature.

Malam Na Kimiyya:
Gaskiyarka. Na janye ƙarshen maganar.

Ɗan Agaji:
Ni har yanzu da sauran magana. Kada mutane su karanta wannan su ɗauka an hana ɗauri kwata-kwata. Na je wurin haɗarin mota na ga ƙafar da ta kusa rabuwa da jiki. Can in ba ka ɗaure ba mutum ya tafi kafin ka nemo mota.

Sista Larai:
Nan kam ina bayanka. Haɗari, harbi, sara, inda aka danne jini ya ƙi tsayawa kuma rai na hannun Allah, akwai ɗauri na gaske. Abu mai faɗi ake sawa, a murɗa shi tamau har jinin da ke shigowa ma ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaura, kuma zafinsa ba kaɗan ba ne. Wannan aikin wanda aka koya wa ne. Abin da ake yi a gida da roba ko ɗankwali rabin ɗauri ne, shi ne mafi muni, ya rufe mafita ya bar mashiga. Kumburarriyar jijiya kuwa ba ta ma buƙatar ko wanne. Ɗaga ƙafa sama da dannewa da yatsa biyu sun ishe ta.

Ɗan Agaji:
Mun daidaita. Zan kai maganar wurin atisayenmu na Asabar.

Hajiya Babba:
Ku yaran zamani komai asibiti. Bagaruwa tun kaka da kakanni ake tsayar da jini da ita, da ita ake jima, da ita mai jego ke zama. Ni da hannuna na sa wa jikana da wuƙa ta yanke shi, ya warke sarai. Meye laifin Gwaggo?

Sista Larai:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ban ce bagaruwa ba ta da amfaninta ba, tana tsuke fata kam. Amma yankan wuƙa a yatsa daban, ɓulallar jijiya daban. Nan rami ne a jikin bututu, jini na turowa da ƙarfi, duk garin da kika zuba wanke shi zai yi. Lokacin da ake nema, ana dakawa, ana barbaɗawa, lokacin dannewa ne yake wucewa. Sannan in an zo wurinmu sai mun kankare garin kafin mu ga ciwon, kankarewar kuma ta sake tayar da jinin. Kuma ƙafar mai irin wannan jijiya ba ta warkewa da wuri, ɗan datti kaɗan sai wurin ya zama gyambo, a yi wata da watanni ana wanki.

Na ga toka, na ga garin taba, na ga gishiri, na ga yanar gizo-gizo, na ga man birki. Akwai dattijon da aka kawo mana an cusa masa ƙasa a ciwo, sai da aka haɗa masa da allurar tetanus. Don Allah a bar ciwon haka nan, ƙyalle kawai.

Hajiya Babba:
Man birki kam hauka ne, wannan ban goyi baya ba. Amma bagaruwata ina nan da ita.

Sista Larai:
A ajiye ta don wani aikin, Hajiya. A wannan dai a yi mini alfarma.

Jikan Wanzamai:
Bari in sa baki kan maganar wanzami tunda gidanmu aka taɓo. Mahaifina ya yi ƙaho sama da shekara arba'in, ban taɓa ganin ya ɗora ƙaho ko aska a kan jijiyar da ta kumbura ba. In aka zo masa da irin wannan ƙafar cewa yake ba tasa ba ce. Ƙaho ana yinsa a inda nama yake, tsagar kuma sama-sama ce. Duk wanda ya ce zai tsaga wa Inna jijiya ya zubar da mataccen jini, ku riƙe hannunsa.

Kuma jinin ba matacce ba ne. Wanda ke dawowa zuciya dama duhu gare shi, kowa haka nasa yake.

Ummu Haidar:
Na karanta wa Gwaggo wannan. Ta ce wanzaman yanzu tsoro gare su. Amma ta yi shiru da maganar.

Maganin Gargajiya Sahihi:
Muna da ingantaccen haɗi mai narkar da jijiyoyin ƙafa cikin kwana bakwai, da basir, da sanyi, da rashin kuzari. A tuntuɓe mu ta akwatin sirri.

Mai Kula da Zaure:
Malam, dokar zauren nan ta hana talla. Wannan ne gargaɗi na biyu, na uku fita ne. Sista, ci gaba.

Mai Aski:
Ni tsoro ma ya kama ni. Shekara ashirin da biyu ina tsaye a shago daga safe har dare, ƙafata ta dama duk ta yi irin wannan, da yamma ta yi nauyi kamar an ɗaura mini bulo. Iyalina suna ƙauye, ni kaɗai nake kwana. In abin ya same ni da dare ba mai danne mini, yaya zan yi?

Sista Larai:
Tambayarka ta fi kowace muhimmanci, don waɗanda abin nan ke kashewa galibi tsofaffi ne da ke zaune su kaɗai. Mutum ya ga jini ya ruɗe, ya yi ta zagaye ɗaki yana neman tsumma, ko ya zauna bakin gado ƙafa na lilo yana sharewa. Da yake ba zafi, sai ya raina abin. Jinin jikin babban mutum wajen lita 5 ne kacal, siririn feshin nan in ya samu lokaci sai ya kai mutum ƙasa.

In kai kaɗai ne, duk abin da hannunka ya kai gare shi ka ɗauka, riga ce, hula ce, tawul ne, in babu ka sa yatsa. Danne, ka kwanta rigingine a ƙasa nan inda kake. Ka tanƙwaro gwiwa zuwa ƙirji yadda hannunka zai kai wurin, diddige a sama, in da bango kusa ka jingina ƙafar. Ɗayan hannun ka kira maƙwabci ko ka ɗaga murya. Kada ka tashi neman bandeji sai jinin ya tsaya. Shawarata, tun yau ka sayi bandeji mai naɗi da auduga a kemis, ka ajiye ɗaya a shago ɗaya kusa da shimfiɗa, waya kuma kada ta kwana nesa da kai.

Ga kuskuren da kowa ke yi: leƙe. An danne minti biyu, a ɗaga a gani ko ya tsaya. Duk ɗagawa ɓalle gudan jinin da ya fara toshe wurin kake yi, aiki ya koma farko. Ka duba agogo, minti 10 zuwa 15 ba sassautawa. In jini ya jiƙe ƙyallen, kada ka cire, ɗora wani a kai ka ƙara ƙarfi. In ya tsaya, a naɗa bandeji a kan ƙyallen da ɗan ƙarfi, a fara daga wajen yatsu a yi sama. A riƙa taɓa yatsun, in sun yi sanyi, ko sun canza launi, ko sun mutu, an matse da yawa, a sassauta.

Mai Aski:
Na gode Sista. Gobe kafin in buɗe shago sai na biya kemis.

Oga Birkila:
Ka sayi doguwar kujera kuma, ka riƙa aski a zaune.

Mai Aski:
Wanda ya zauna yana aski ai kwastoma sai ya ce ya raina shi.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Abin ga ya taɓa samun wani tsoho mai gadi nan unguwarmu. Da munka iske shi ya jiƙe tabarma, ga zuhwa ta rufe shi, yana ta roƙon ruwa. Munka aza shi bisa moto, ƙahwa na reto, har munka kai likita jini na bin hanya. Lokotoro ya yi muna hwaɗa sosai. Sai da anka ƙara mishi leda biyu. Ya tashi, amma da ƙyar. Mu nan 18 aka kira, 'yan kwana-kwana su zo da mota, amma wa ya tuna?

Sista Larai:
Allah sarki. Ka kawo abu biyu masu muhimmanci. Na farko, babur bai dace ba, don ƙafa a rataye take, kamar ka mayar da shi tsaye ne. Mota ko adaidaita sahu, a kwantar da shi a kujerar baya, wani ya rungumi ƙafar a kafaɗa yana dannawa har a isa. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, a gwada ta, amma a lokaci guda wani ya fita neman abin hawa.

Na biyu, zufa da ƙishirwan nan da ka gani alama ce jini ya zuba da yawa. Jiri, sanyin hannu, tafin hannu da cikin ido su yi fari, zuciya na bugawa da sauri, numfashi sama-sama, magana ta fara rikicewa. Ko ɗaya aka gani ba sauran jira. A lulluɓe shi, a bar shi kwance, kada a ɗura masa ruwa ko abinci, wanda hankalinsa ke gushewa shaƙewa yake yi. Haka in an danne minti goma sha biyar da gaske jini bai tsaya ba, a tafi ana dannawa a hanya.

Dakta:
Na shigo a makare, Sista ta gama aikin. Abu kaɗan zan ƙara.

Ummu Haidar, Inna na shan wani magani kullum?

Ummu Haidar:
Eh Likita, na hawan jini, da wani ɗan ƙarami da aka ce na tsinka jini ne, Vasoprin. In jikinta ya yi tsami kuma takan aika a sayo mata Alabukun.

Dakta:
To kin gani. Vasoprin asfirin ne, Alabukun ma akwai asfirin a ciki, ta haɗa biyu ke nan, kuma asfirin na jinkirta daskarewar jini. Alabukun ɗin a dakata da shi, haka su ibuprofen da diclofenac, in ciwon jiki ne a ba ta farasitamol. Wanda likita ya rubuta mata kuwa kada ku tsayar da kanku, ku tafi da kwalayen gaba ɗaya a nuna. Masu shan maganin tsinka jini mai ƙarfi, irin su warfarin da danginsa, sun fi kowa shiga haɗari, su ko jinin ya tsaya nan take sai an gan su.

Ga dalilin zuwa asibiti ko da ya tsaya. Abin da ya toshe ramin ɗan gudan jini ne da ɓawo. Jijiyar na nan, matsin na nan, fatar na nan siririya. Ranar da ɓawon ya ɓalle, wataƙila cikin barci, tsugune ba ta ƙare ba. Wanda ya yi sau ɗaya yakan sake. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa a ƙa'idarta ta 2013 cewa duk wanda irin wannan jijiya ta zubar masa da jini a tura shi wurin likitocin jijiya nan take, ba a sa shi a layin jira.

A asibiti za a auna yawan jininta, a duba ciwon, wani lokaci a sa ɗinki ɗaya ko biyu. Sai a yi hoton jijiyoyin da na'urar sikanin, irin ta masu ciki, a ga daga ina jinin ke komowa. Maganin dindindin shi ne a rufe jijiyar da ta lalace: ko a yi mata allurar da ke manne ta, ko a ƙona ta ta ciki da zafi, ko a cire ta da tiyata. Jinin sai ya bi ta jijiyoyin da ke can cikin naman ƙafa, dama su ke ɗaukar mafi yawan aikin. Ku fara da babban asibitin da ke kusa, in ya fi ƙarfinsu su rubuta muku takarda zuwa asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, gwargwadon inda kuke.

Hajiya Babba:
Likita, a ba ta zoɓo da maltina da madara mana, jinin ya dawo.

Dakta:
Ta sha abinta Hajiya, ta ci hanta da wake da ganye. Amma a auna tukuna a san nawa ya tafi. In ya yi ƙasa sosai, zoɓo ba zai cike gurbin ba.

Amaryar Bara:
Ni cikina wata bakwai, jijiyoyin sun fito mini a sharaɓa, da ba ni da su. Yanzu duk na tsorata.

Dakta:
Kwantar da hankalinki. Ciki na kawo su, don jini na ƙaruwa, mahaifa kuma na danne manyan jijiyoyin ƙugu. Da yawa suna raguwa cikin 'yan watanni bayan haihuwa, shi ya sa ba a cika taɓa su da ciki ba. Ki nuna a wurin awo. Ki riƙa ɗora ƙafa a kan matashi in kin zauna, ki riƙa ɗan tattaki. In har ta fashe, matakan nan ne dai, sai dai ke kada ki kwanta rigingine da tsohon ciki, ki karkata ta hagu a ɗaga ƙafar. In kuma ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya tana ciwo, ko numfashi ya ɗauke miki, wannan wata magana ce, asibiti kai tsaye, ban da tausa.

Mai Aski:
Likita, safar nan mai matse ƙafa da nake gani a kasuwa fa?

Dakta:
Tana taimakawa, tana rage nauyi da kumburi, amma ba ta mayar da jijiya yadda take. Da safe ake sa ta kafin ƙafa ta kumbura, a cire da dare. Awo gare ta, ba a saye da ka. Dattijo, ko mai ciwon suga, ko mai shan sigari, sai an duba jini na isa ƙafarsa sosai kafin a matse ta. Kai da kake tsaye, tsakanin kwastoma da kwastoma ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa sau goma ko ashirin, naman sharaɓa shi ke tura jini sama. Da hunturun nan kuma ku riƙa shafa man kaɗanya ko basilin, a yanke farce, ruwan wanka ya zama mai ɗumi kawai, soso kada ya bi ta kan jijiya.

Ummu Haidar:
Wata matsalar kuma, Inna ta ce ita ba za ta yi salla a zaune ba. Jiya da la'asar sai da muka yi rigima, ta miƙe a kan ƙafar, kuma tana so ta kwance bandejin don alwala.

Alaramma:
Ki gaishe ta, ki ce mata addini ya yi mata sauƙi. Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, ya yi fama da basir, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Buhari ne ya ruwaito. Wanda tsayuwa za ta jawo masa cuta yana cikin waɗanda ba su iya ba. Bandeji kuma shafa ake yi a kansa da jiƙaƙƙen hannu, ba a kwancewa. Ta miƙe ƙafarta ta yi sallarta.

Auwalu Mai Babur:
Salamu alaikum. Ni ne yayan da ake ta magana a kansa, ƙanwata ce ta turo mini. Na karanta tun daga sama. Ni dai abin da na gani uwata na zubar da jini, abin da ke hannuna na ɗauka. Amma maganar ɗibar jini ta shige ni, don ko watan jiya an ɗaure mini hannu na ga jijiyar ta taso. Sista, da na ƙara tamke robar sosai fa?

Sista Larai:
Malam Auwalu, ba wanda ya zarge ka, da yawa sandarewa suke yi su kasa komai. Da ka tamke ta har jini ya daina shiga, zai tsaya, amma da ka sa Inna azaba, siririyar roba kuma na iya yanka fata ta lalata jijiyar motsi, duk a kan abin da turmi da ɗankwali suka gama. Yanzu aikin da ya rage naka ne: nemo mota.

Auwalu Mai Babur:
Na riga na yi wa wani abokina mai adaidaita magana.

Ummu Haidar:
Jama'a mun dawo, Allah ya saka da alheri. An auna ta, jinin ya ɗan yi ƙasa amma ba a kai ga ƙari ba, an ba ta maganin ƙarin jini na sha. Da aka buɗe bandejin wurin ya sake tsattsafowa, nan take suka ɗaga ƙafar suka danne, aka sa ɗinki ɗaya. An ba mu ranar Talata mu koma hoton jijiya. Likitan ya karɓi kwalayen maganin ya duba, ya ce Alabukun kada ya ƙara shiga gidan.

Inna ta hana a mayar da turmin madafa, yana nan gefen gadonta da matashi a kai. Gwaggo na ta mita wai da me za a daka yaji.

Oga Birkila:
Ku turo Auwalu gobe, ina da ragowar bulo biyu a wurin aiki, a sa a ƙafafun gadon ta wajen sawu. Ku mayar wa Gwaggo turminta.

Auwalu Mai Babur:
Ƙarfe nawa kake fitowa, Oga? Robar na nan, da ita zan ɗauro su.